Gutsuren Burodin Farko

Ranar da likita ta ce 'yarsu ba za ta ƙara cin alkama ba iya rayuwarta, saura ƙiris dariya ta kuɓuce wa uwar yarinyar, wadda tela ce, irin dariyar nan da ke zuwa wa mutum in abu ya wuce kuka. A ce duk yaran duniya a rasa wadda alkama za ta zame wa guba sai 'yar mai gidan burodi? Ta juya ta dubi mijinta. Yana zaune a gefenta, hularsa a hannu yana ta murza ta, ga garin fulawa maƙale a gashin girarsa don daga wurin aiki ya zo.

Yarinyar tana kan gadon gwaji tana wasa da ƙafafunta. Shekararta bakwai, amma wanda bai sani ba zai ba ta biyar. Ciki a kumbure, hannuwa kamar sillen tsintsiya, ga zawo da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Manaja ake ce mata. Ubanta ne ya laƙaba mata tun tana rarrafe, wai ita za ta gaji gidan burodin, sunan kuwa ya bi ta har makaranta.

Likitar mace ce mai haƙurin bayani. Ta ajiye biro ta ce, "Ku ɗauki hanjin mutum kamar ƙofar gida, kullum baƙi na shiga. Abinci baƙo ne, ƙwayoyin cuta ma baƙi ne. A jikin bangon hanjin akwai ƙwayoyin garkuwar jiki masu gadi, su ne ke ƙera sinadarin kariya su watsa wa duk wanda ba su yarda da shi ba. Akwai kuma wasu ƙwayoyin a kansu, masu tsawatarwa. Aikinsu su ce wa masu gadin, wannan ku kama shi, wannan kuwa ku bar shi, abinci ne. A jikin 'yarku, in alkama ta shigo, masu tsawatarwar ba sa iya riƙe masu gadin. Sai a kaure da faɗa, kuma bangon hanjin nata ne filin dagar. Ya goge, ya daina tsotsar abinci. Shi ya sa take ci ba ya kama jikinta."

Mai burodi ya gyara zama. "Likita, su masu tsawatarwar, ta yaya suke sanin wanda za a bari?"

"Sabo. Tun jariri na shan nono suke koyo, kaɗan-kaɗan, har su saba da abincin gida."

"Ashe dai suna koyo," in ji shi.

"Suna koyo, amma ba a wannan ciwon ba. Ka saurare ni da kyau. Game da alkama, jikin 'yarka ya riga ya yanke hukunci, ba ya canzawa. Ɗan gutsure ma ya isa ya tayar da faɗan. Babu kaɗan, babu ɗanɗano."

Ya gyaɗa kai. Tela ta ga ya gyaɗa kai da idonta, kuma daga baya wannan gyaɗa kan ya fi komai ci mata rai.

Ita dai da suka koma gida ɗamara ta ci. Ta kwashe rariya da ludayin katako da katakon yanka ta ba maƙwabta. Ta sayi sabon soso, ta ware wa Manaja kwanonta da cokalinta a wani kwando mai murfi. Matar da a da ba ta duba komai a jikin kaya sai farashi, sai ga ta tsaye a kanti tana ƙanƙance ido tana karanta ƙananan rubutun bayan gwangwani, mai kanti yana tsaki. Shinkafa, dankali, masara, ƙwai, kifi, haka ta riƙa jujjuya su har ta iya girki goma da abu biyar. Taliyar da take mutuwar so ita ma ta haƙura da ita, don kada yarinya ta gani ta yi kwaɗayi.

Shi ma maigidan ba a bar shi a baya ba. Da asuba yake fita wurin aiki, in hantsi ya kusa ya dawo da motar rabon burodi ya kai Manaja makaranta. Kafin ya shigo sai ya tsaya a famfon tsakar gida, ya tuɓe rigar aiki ya rataye a ƙusa, ya wanke hannu har gwiwa, ya goge ƙarƙashin farce da buroshi. Tela takan leƙo ta taga ta ji zuciyarta ta cika. Har gori take yi wa matan da ke kawo mata ɗinki.

"Ku bar ganin mazanku," takan ce tana danna keke. "Nawa ko gashin baki sai ya wanke kafin ya sumbaci 'yarsa."

Da fari abin ya yi kyau. Kumatu suka fara fitowa, zawon ya tsaya, har malamarsu ta aiko cewa Manaja ta fara tsokana a aji. Tela ta ji daɗin wannan ƙorafin fiye da duk wani yabo. Sai kuma abin ya tsaya cak, daga nan ya fara komawa baya. Ciwon ciki ya dawo, yarinya ta koma kwanciya a kan tarin yadi a shago, tana kallon silin.

Suka koma asibiti aka ɗebi jini. Da sakamakon ya fito likita ba ta yi murmushi ba.

"Sinadarin kariyar nan ya kamata a ce ya sauka sosai zuwa yanzu. Bai sauka ba. Masu gadin ba sa ƙera shi haka kawai, sai sun ga alkama. Tana shiga cikinta ta wata hanya." Ta dubi tela, ita kaɗai. "Ke ce mai girki, ko?"

Tela ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta fara lissafo soso da kwando da rariya. Mijin ya dafa bayan kujerarta, ya ce cikin tattausar murya, "Sai ki ƙara kula, Maman Manaja. Mutum ba ya rasa mantuwa."

Ta ƙara kula har ta kusa zarewa. Ta canza man girki, ta canza magi, ta canza man goge baki. Ta wanke kicin da ruwan zafi har fatar yatsunta ta tsage, allura ta riƙa zame mata.

Wata rana da yamma ta ɗauko kayan makarantar Manaja za ta rage ƙugun, don siket ɗin ya fara zamewa. Ita ta ɗinka shi, ta san kowane zare. Da ta farke gefen aljihu sai wani abu ya zubo mata a cinya. Ta tsinta ta murza, ta kai hanci. Matar mai burodi ba ta buƙatar a gaya mata. Ɓurɓushin burodi ne, busasshe, ya cika lungun ɗinkin.

"Manaja, zo nan. Wa ya ba ki wannan?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza gefen rigarta.

"Ba dukan ki zan yi ba. A makaranta ne?"

Ta girgiza kai.

"To a ina? A gidan Innarki?"

Manaja ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Hawaye kawai suka zubo mata. Tela kuwa ta ɗauki hawayen a matsayin amsa.

Innar nan yayar tela ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai ta koyon ɗinki, ita ta saya mata keken farko. Gidanta na kusa da makaranta, don haka can Manaja ke zama in an tashi, sai la'asar a ɗauko ta. Yaya mace ce mai baki, ba ta ɓoye abin da ke ranta. Ranar da aka fara gaya mata ciwon cewa ta yi, "Ikon Allah, yanzu har burodi ya zama abin tsoro? Mu da muka girma a kansa ga mu nan da ƙibarmu." Wasa ta yi, kowa ya yi dariya a lokacin. Amma yanzu maganar ta dawo wa tela da wata fuska daban.

Ko mayafi ba ta gyara da kyau ba ta isa gidan. Ta tarar da Yaya a tsakar gida tana tsince shinkafa, 'ya'yanta da surukarta na zaune. Ba ta ko gaishe ta ba, ta buɗe tafin hannu ta nuna mata.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ɓurɓushi na gani. Lafiya?"

"A aljihun 'yata na samu. Na roƙe ki, na yi miki bayani, ashe kallon mahaukaciya kike yi mini."

Yaya ta ajiye tiren a hankali. "Ni kike tuhuma?" Ta miƙe ta shiga kicin ta fito da wata 'yar tukunya sabuwa, an ɗaura jan zare a hannunta. "Kin ga wannan? Saboda ita na saya. Zaren nan na ɗaura don kada wani ya taɓa. Yaran nan na hana su cin biskit a gabanta, tambaye su."

"Tukunya ba ta magana, Yaya. Jinin yarinya ya yi magana."

"Ki shiga hankalinki, ƙanwata."

Da tela ta tsaya a nan, da da sauƙi. Amma wata da watanni tana haɗiyar zargi, ga shi yau ta sami inda za ta amayar. Ta ce, "Don kin ciyar da ni na girma, ba shi ya ba ki ikon kashe mini 'ya ba."

Surukar ta tashi sum-sum ta shige ɗaki. Yaya ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "To. Allah ya ba ta lafiya." Ta juya da tukunyarta.

Da tela ta ba mijinta labari yana cin abinci. Ya tsaya da cokali a hannu. Ta jira. Sai ya ce, "Ki yi haƙuri, kin san manya da taurin kai." Ya ci gaba da cin abincinsa, har ya nemi ƙari.

Daga ranar Manaja ba ta ƙara taka gidan Innarta ba. Tela ke zuwa ta ɗauko ta da kanta, ta zaunar da ita a shago kusa da keke. Aka yi sunan jikar Yaya ba a aiko wa tela ba, a bakin masu kawo ɗinki ta ji. Ta yi kuka a bayan labule ta share ido, ta ce wa kanta lafiyar 'yarta ta fi. Sai dai lafiyar ba ta zo ba. Malama ta ce kullum kafin a fita tara yarinyar ke kifa kai a tebur tana riƙe ciki.

Wata safiya motar ta tashi, tela ta dawo kicin ta ga kular abincin Manaja a kan tebur. Yarinyar da ba ta da halin sayen komai a bakin makaranta, in babu kular nan yunwa za ta wuni da ita. Ta ɗauka ta fita da sauri. Hanyar ƙafa mafi kusa ta bi, wani lungu da ke ratsa bayan gidan burodin, inda ake tara buhunan da aka zazzage.

Motar rabon tana nan a fake. Ta yi mamaki, don a lissafinta yanzu sun kai makaranta. Ƙofar baya a buɗe take, zafin tanda da ƙamshi na fitowa. Ta matsa za ta yi sallama, sai sallamar ta maƙale mata.

Mijinta na tsugune a gaban Manaja. A kan katako ga burodi guda yana tururi. Ya yanki gefensa da wuƙa, ya gwada gutsuren da gaɓar babban yatsansa, ya ɗan rage, ya hura masa iska. Ma'aikata sun tsaya da tire a hannu suna murmushi, irin tsayuwar waɗanda suka saba. Manaja ta rufe ido ta buɗe baki.

"To, Manaja? Ya yi?"

"Ya yi, Baba."

Babban mai kwaɓi ya ɗaga murya, "Manaja ta sa hannu! A fita da kaya!" Suka yi shewa, aka fara loda tire.

Tela ta san wannan abin. Tun suna zance ya ba ta labarinsa, idonsa na ƙyalli: mahaifinsa ba ya barin burodi ya fita sai ɗan gida ya ɗanɗana na farko, shi ma a haka ya girma, yana tsaye a kan buhu ana sa masa a baki. A lokacin labarin ya burge ta.

Ta kuma ga abin da shi bai gani ba. Da ya juya yana ba da umarni, Manaja ta kai hannu baki kamar mai share leɓe, ta fito da rabin gutsuren ta tura a aljihu.

Kular da ke hannun tela ta bugi ƙofar ƙarfen. Kowa ya waiwayo. Ma'aikatan suka bi ta ɗaya ƙofar da tirensu, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ko tari.

"Maman Manaja," in ji shi. Wuƙar na hannunsa har yanzu. "Tsaya in yi miki bayani."

"Tun yaushe?"

"Ki saurara mana. Ke ma kina wurin, likita da bakinta ta ce masu tsawatarwar nan da sabo suke koyo. Kaɗan-kaɗan. Da ƙwayar shinkafa na fara, wallahi, ban taɓa wuce yatsan nan ba. In aka hana su gani gaba ɗaya, yaushe za su saba?"

"Ta ce babu kaɗan. Ta ce babu ɗanɗano. Kana zaune ka gyaɗa kai."

"Likitoci ba su san komai duka ba."

"Tun yaushe, na ce?"

Ya kalli ƙasa. "Tun da ta fara samun sauƙi. Na ga jikin ya yi ƙarfi, na ce yanzu zai iya ɗauka." Ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa. "'Yata ce ita ma. Ita kaɗai gare ni. A ce ta gaji wurin nan ba ta san ɗanɗanon abin da ake gasawa ba? So na yi in ta warke in zo in ba ki mamaki."

"Ai ka ba ni."

Ba ihu take yi ba, ita kanta ta yi mamakin yadda muryarta ta kwanta. Kuskuren ba shi ya fi ƙona ta ba. Mutum na iya son 'yarsa ya yi wauta, wannan da ta iya haɗiyewa wata rana. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne famfon tsakar gida, da buroshin farce, da rigar da ake ratayewa a ƙusa tana leƙe ta taga tana alfahari.

"Ka dafa kujerata a gaban likita ka ce in ƙara kula. Ka ga yatsuna sun tsage. Na dawo daga gidan Yaya na gaya maka abin da na faɗa mata, matar da ta goya ni, kana jin komai ka ce manya da taurin kai. Ka nemi ƙarin abinci, Baban Manaja."

"Tsoro na ji."

"Ita fa?" Ta nuna yarinyar da ta maƙale a jikin buhu. "Ka koya mata ta dube ni ta yi shiru. Ka san abin da ke aljihunta? Duba ka gani."

Bai motsa ba. Manaja da kanta ta sa hannu ta fito da ɗan gutsuren, jiƙe da yawu, ta riƙe shi a tafin hannu tana kallon su biyun. Sai a lokacin ya ajiye wuƙar. Ya zauna a kan buhu ya rufe fuska.

Tela ta karkaɗe hannun 'yarta, ta goge shi da gefen mayafi, ta ja ta suka fita. Ba makaranta suka nufa ba. Sun yi nisa a lungun kafin yarinyar ta yi magana.

"Mama, rabi kawai nake haɗiyewa."

"Na gani."

"In na ci Baba yana murna. In na ɓoye rabi, ke ma ba za ki ji haushi sosai ba." Ta ci gaba da tafiya tana jan ƙafa. "Ba Inna ba ce. Ranar nan na so in faɗa, amma Baba ya ce sirrin gidan burodi ne, manaja ba ta tona sirri."

Tela ta durƙusa a tsakiyar hanya ta rungume ta. Ƙasusuwan bayan yarinyar duk ana ƙirgawa ta cikin riga.

"Mama, in na daina ɗanɗanawa, har yanzu ni ce Manaja?"

Tela ta ɗauke ta ta saɓa a kafaɗa, duk girmanta, ta ci gaba da tafiya.

Yaya ce ta buɗe ƙofa da kanta. Ta rame kaɗan, ko kuwa idon tela ne. Ta dubi ƙanwarta, ta dubi yarinyar.

"Yaya, ubanta ne," in ji tela. "Yau na gani da idona. Yaya, na zalunce ki. Ki yafe..."

Yaya ta miƙa hannu ta karɓi Manaja, ta shafa kanta, ta taɓa cikinta. "Kin karya kuwa, 'yar nan? Zo in dafa miki ƙwai da dankali." Ta juya za ta shiga. Daga bakin ƙofa tela na hango cikin kicin. 'Yar tukunyar na rataye a ƙusa ita kaɗai, nesa da sauran, a wanke tas, jan zaren na nan a hannunta.

Ta ɗaga ƙafa za ta bi su. Yaya ta tsaya ba tare da ta waiwayo ba.

"Ita ta shigo. Ke ki dakata tukuna, ban shirya ganin ki ba."

Ta shige ciki, ba ta rufe ƙofar ba. Tela ta tsaya a waje da kular abinci a hannu, tana jin ƙarar ashana da muryar 'yarta daga ciki tana tambaya ko ƙwai biyu za a sa mata.